Arthur Coningham: Matuƙin da ya kawo jirgin sama na farko Kano, ya ɓace a teku bayan shekara 22

Jirgin fasinja da ya tashi daga Alƙahira a yau yakan sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano cikin kimanin sa'o'i huɗu da rabi. Tazarar da ke tsakanin biranen biyu, idan an miƙe ba a ratse ba, kusan kilomita 3,100 ce.

A shekarar 1925 kwana shida wasu jirage uku na sojan saman Birtaniya suka yi kafin su cimma Kano daga Masar. Ranar 1 ga Nuwamba suka sauka a filin wasan dawaki na birnin, kuma daga wannan rana ake ƙirga tarihin jiragen sama a Najeriya.

Jagoran tafiyar wani hafsa ne ɗan shekara 30 mai suna Arthur Coningham. Daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan kwamandojin sojan sama a Yaƙin Duniya na Biyu. Kusan duk aikinsa a kan lissafi ɗaya ya tafi: nisan wuri, yawan man da ke tanki, da inda za a sauka kafin man ya ƙare. A kan wata doguwar hanya da ba ta da wurin sauka a tsakani ya gamu da ajalinsa a 1948.

Ƙuruciya cikin bakin mutane

An haife shi a birnin Brisbane na ƙasar Ostareliya ranar 19 ga Janairu 1895. Sunan mahaifinsa aka sa masa. Uban ɗan wasan kurket ne da ya taɓa buga wa Ostareliya wasa.

Yana ɗan shekara biyar gidansu ya faɗa bakin duniya. A 1900 mahaifin nasa ya shigar da ƙara a Sydney yana neman a raba aurensa, inda ya zargi wani babban limamin cocin Katolika, Denis O'Haran, da neman matarsa. Shari'ar ta raba kan jama'a tsakanin 'yan Katolika da 'yan Furotesta. A zama na biyu, cikin 1901, kotu ta wanke limamin. Zaman Ostareliya ya gagari iyalin, suka ƙaura zuwa New Zealand.

Can ma hankali bai kwanta ba. An ɗaure uban a kan laifin zamba, daga baya kuma auren ya mutu a 1912. Yaron ya samu gurbin karatu kyauta a makarantar Wellington College, amma bai yi fice a aji ba. Hawan doki da harbi da wasannin motsa jiki su ne inda ya fi ƙarfi. Da ya bar makaranta sai ya kama aikin gona.

Daga doki zuwa jirgi

Yaƙin Duniya na Ɗaya na ɓarkewa a 1914 ya shiga soja. Yana cikin dakarun New Zealand da suka ƙwace tsibirin Samoa daga hannun Jamus, sannan ya koma rundunar mahaya dawaki aka kai shi Masar. Zazzaɓin taifod ya kwantar da shi, har aka sallame shi daga aiki a farkon 1916 a kan rashin lafiya.

Wani da ya samu irin wannan sallama sai ya koma gida ya gode wa Allah. Shi kuwa kuɗin jirgin ruwa ya biya daga aljihunsa ya tafi Ingila, ya nemi shiga sashen jiragen sama na sojan Birtaniya. Kafin ƙarshen 1916 yana Faransa yana tuƙa jirgin yaƙi.

An raunata shi sau biyu, aka lissafa masa nasara 14 a karon da ya yi da jiragen Jamus, ya samu manyan lambobin yabo uku. A 1918, yana da shekara 23, aka ba shi jagorancin runduna ta 92. A wannan zamani ne abokan aikinsa suka laƙaba masa suna Maori, sunan 'yan asalin New Zealand, saboda can ya fito. Da baki ya yi ta juya sunan sai ya koma Mary, kuma da shi aka san shi har ƙarshen rayuwarsa.

Bayan yaƙi ya ci gaba da aiki a sabuwar rundunar sojan sama ta Birtaniya, RAF. A 1922 aka tura shi Mosul a arewacin Iraƙi, ya shugabanci runduna ta 55. A lokacin Birtaniya ta gano cewa riƙe ƙasashen da take mallaka da jirage ya fi arha a kan jibge sojan ƙasa, kuma wannan tsari ya haɗa da jefa bama-bamai a ƙauyukan da suka yi wa gwamnati tawaye. Rundunarsa na cikin masu wannan aiki. A nan ya saba da jirgin DH.9A, da zafi, da ƙura, da sauka a fili da ba a share ba.

Helwan zuwa Kano

A 1924 aka mayar da shi Masar. Shekarun nan Turawan mulkin mallaka na rige-rigen gano hanyoyin sama a Afirka. A farkon 1925 wani matuƙi ɗan Beljiyam, Edmond Thieffry, ya tashi daga Brussels ya ratsa Sahara zuwa Kwango cikin kwana 51. Birtaniya kuma tana son ta san ko jirgi zai iya haɗa Masar da Sudan da Najeriya, ƙasashe uku da take da iko a kansu. Coningham aka ɗora wa wannan gwaji.

Da ƙarfe bakwai na safiyar 27 ga Oktoba 1925 jirage uku na runduna ta 47 suka tashi daga Helwan, kudu da Alƙahira. Sauran matuƙan biyu su ne Herbert Rowley da H. W. Baggs, tare da ƙananan sojoji masu kula da injuna.

Jirgin DH.9A ragowar Yaƙin Duniya na Ɗaya ne. Fikafikansa hawa biyu ne, jikinsa katako da yadi, injinsa ɗaya ƙirar Liberty mai ƙarfin doki 400. Kujera biyu gare shi, kuma ba rufi, rana da iska a kan matuƙi suke ƙarewa. Iyakar gudunsa bai kai kilomita 200 a sa'a ba, man tankinsa na asali kuma na sa'o'i biyar ne da ɗoriya.

Da irin wannan jirgi ba a miƙewa. Layin da ya haɗa Alƙahira da Kano kai tsaye ya ratsa hamadar Libiya da arewacin Cadi, inda babu gari, babu mai, babu wanda zai kawo ɗauki idan inji ya tsaya. Saboda haka suka yi kudu tukuna, suka bi kogin Nilu zuwa Wadi Halfa da Hartum, sannan suka juya yamma ta El-Obeid da El-Fashir, suka shiga ƙasar da Faransa ke mulki ta Abeshe da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, suka faɗo Maiduguri, sai Kano. Ranar 6 ga Nuwamba suka ƙarasa Kaduna, hedikwatar Lardunan Arewa. Wannan zagaye ya mai da tafiyar kimanin kilomita 4,500.

A lokacin Sarki Usman na Biyu ke kan gadon sarautar Kano, jirgin ƙasa kuwa bai fi shekara 14 da isowa birnin ba.

Sun bar Kano da sassafe ranar 12 ga Nuwamba, suka bi sawunsu, suka sauka Helwan ranar 19. Tafiya da dawowa kwana 24 ke nan. A cikinsu kwana 16 suka tashi sama, jimillar lokacin da suka yi a sararin samaniya kuma kimanin sa'o'i 80 ne. Duka jirage ukun sun koma gida. Coningham ya samu lambar yabo ta Air Force Cross a kan wannan tafiya.

Abin da ya cinye kwanakin

Idan aka raba nisan da sa'o'in, matsakaicin gudunsu bai wuce kimanin kilomita 130 a sa'a ba. Amma ko da wannan gudu, sa'o'i 80 kwana uku ne da 'yan kai. Sauran kwanakin a ƙasa suka tafi.

Dalili na farko mai ne. Kowane zango dole ya kasance cikin iyakar abin da tanki zai kai, a kuma bar rara saboda iska ko ɓatan hanya. Layin dogo na Sudan a El-Obeid ya tsaya, na Najeriya kuma bai kai Borno ba. Duk wurin saukar da ke tsakani sai an riga an share shi, an kai masa mai ta ƙasa tun kafin jiragen su iso.

Na biyu gane hanya. Ba na'urar da ke nuna wa matuƙi inda yake. Kamfas ne da agogo da taswira, sai ido. A kan Nilu da layin dogo abin da sauƙi, domin akwai abin bi. Daga Kordofan zuwa Darfur da Wadai kuwa daji ne iri ɗaya, taswirorin yankin ma ba su cika ba. Darfur kanta a 1916 Birtaniya ta ci ta da yaƙi, aka kuma kashe Sarki Ali Dinar. Dare na yi tafiya ta tsaya, domin ba fili mai fitila.

Na uku zafi. Idan rana ta take iska takan yi sako-sako, inji ya rage ƙarfi, fiffike ya rage ɗauka, jirgi mai cike da mai ya buƙaci fili mai tsawo kafin ya ɗaga. Shi ya sa matuƙan wancan zamani ke sammako. Bayan kowace sauka kuma sai an duba inji, domin yashi na shiga ko'ina.

Hanyar da jiragen suka bi ba sabuwa ba ce ga mutanen ƙasar Hausa da Borno. Ita ce hanyar alhazai. Ɗaruruwan shekaru mahajjata na bin ta a ƙafa da jakuna da raƙuma, ta Wadai da Darfur zuwa gaɓar Bahar Maliya. Wasu sukan yi shekaru a hanya, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri, da yawa kuma suka zauna a Sudan ba su dawo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu mai shuɗi mutanen Sakkwato ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Ko Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya yi aikin Hajji a 1921, ta jirgin ruwa ya bi, har ya ratsa ta Ingila. Tsakanin Hartum da Kano, inda ayari ke shafe watanni, jiragen Coningham 'yan kwanaki suka yi.

Hanyar ta zama ta kowa

Shekara goma aka yi kafin gwajin ya zama harkar yau da kullum. A farkon 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano, daga baya a cikin shekarar aka miƙa hanyar zuwa Legas. A wannan shekara ce filin jirgin saman Kano ya fara aikin jiragen kasuwanci.

Shi kuwa Coningham ya koyar a makarantun sojan sama a Ingila. A 1932 ya auri Nancy, matar marigayi Sir Howard Frank, wani attajirin dillalin gidaje, kuma a wannan shekara aka tura shi Sudan a matsayin babban hafsan sojan sama a can. Auren ya shigar da shi cikin masu hali, ya zama mai sha'awar tseren jirgin ruwa na alfarma.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi a 1939 yana shugabantar rukuni na 4 na jiragen jefa bam a Yorkshire. Jiragensa ƙirar Whitley su ne aka fara aikawa cikin dare su watsa takardun farfaganda a kan biranen Jamus. A Yunin 1940, da Italiya ta shiga yaƙin, aka tura su kai hari arewacinta. Sai da suka tsaya shan mai a tsibiran da ke mashigin ruwan Ingila, kuma mafi yawansu ba su iya tsallake duwatsun Alps ba saboda munin yanayi.

Shigar Italiya yaƙi da faɗuwar Faransa sun toshe wa Birtaniya Bahar Rum. Jirgin ruwan da zai kai kayan yaƙi Masar sai ya zagaye Afirka ta ƙasan Afirka ta Kudu, tafiyar makonni masu yawa. A nan aka tuna da hanyar 1925.

Sai aka riƙa loda jiragen yaƙi cikin akwatuna a kai su tashar Takoradi da ke Gana, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas. A can a harhaɗa su, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, El-Geneina, El-Fashir, Hartum, su bi Nilu zuwa Masar. Tafiyar ta kusa kilomita 6,000, kuma takan ɗauki kimanin kwana shida. Abin da ya buɗe tsakiyar hanyar shi ne matakin gwamnan Cadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan asalin Guyana ta Faransa, wanda a Agustan 1940 ya bi ɓangaren Janar de Gaulle.

Ayarin farko ya tashi daga Takoradi a Satumban 1940: jirgin Blenheim ɗaya mai ɗauke da masanin hanya a gaba, ƙananan jiragen Hurricane shida na biye. Zuwa 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya. Hazon hunturu da guguwar damina sun ci wasu, waɗanda suka isa kuma sau da yawa sai an yi wa injunansu garambawul kafin su shiga fagen fama. Jamusawa sun san darajar hanyar: a Janairun 1942 wani jirginsu ya ratso Sahara daga Libiya ya jefa bam a ma'ajiyar mai ta Fort Lamy.

Kwamandan hamada

Wanda ya fi kowa cin moriyar waɗannan jirage shi ne mutumin da ya fara bin hanyar. A Yulin 1941 babban kwamandan sojan sama na Gabas ta Tsakiya, Arthur Tedder, ya kira Coningham Masar ya damƙa masa jiragen da ke yaƙi a hamadar da ke tsakanin Masar da Libiya, inda Janar Erwin Rommel na Jamus ya addabi sojan Birtaniya.

Ya tarar da al'adar rarraba jirage ga rundunonin ƙasa, kowane janar na son a bar masa nasa suna shawagi a kansa. Coningham ya ƙi wannan tsari. A ganinsa jirage a hannu ɗaya ya kamata su zauna, a fara da kakkaɓe na abokan gaba daga sama, sannan a datse musu hanyoyin kawo mai da abinci, daga nan a taimaki sojan da ke bakin daga. Don kada wannan ya zama rabuwar kai, ya kafa tantinsa kusa da na kwamandan Runduna ta Takwas, suna tsara aiki tare kullum.

A hamada fagen fama kan matsa ɗaruruwan kilomitoci cikin 'yan kwanaki, ƙaramin jirgin yaƙi kuwa ba ya nisa. Duk kilomitar da ya ci a hanya ta rage masa mintocin da zai yi a kan abokan gaba. Saboda haka aka raba ma'aikatan ƙasa na kowace runduna gida biyu: rabi na kula da jirage a filin da ake, rabi sun yi gaba da mai da harsasai suna shirya fili na gaba. A Yunin 1942, lokacin da Rommel ya fatattaki sojan Birtaniya daga Gazala, jiragen Coningham sun zauna a filayen gaba har sai da abokan gaba suka matso, suna kare ayarin motocin da ke ja da baya zuwa El-Alamein.

A El-Alamein, cikin Oktoba da Nuwamban 1942, aka juya akalar yaƙin, kuma bayan nasarar Sarkin Ingila ya ba shi muƙamin Sir. A farkon 1943 aka ɗora shi a kan jiragen Birtaniya da na Amurka masu tallafa wa sojan ƙasa a Tunisiya. A Yulin wannan shekara rundunar sojan Amurka ta fitar da sabon kundin ƙa'idojin amfani da jiragen yaƙi wanda ya ɗauki tsarin da aka gwada a hamada.

Mutum mai zafin kai

Coningham ba ya haɗiye magana. A Afrilun 1943 Janar George Patton na Amurka ya yi ƙorafin cewa ba a ba sojojinsa kariya ta sama. Coningham ya mayar da martani a rubuce, yana shakkar ko sojojin na Patton sun isa shiga yaƙi, ya kuma bari saƙon ya zaga ofisoshi. Abin ya kusa ɓata dangantakar ƙawayen biyu, sai da Tedder ya sa shi ya janye maganar, ya je da kansa ya ba da haƙuri.

Rigimarsa da Janar Bernard Montgomery ta fi daɗewa. Sun fara aiki lafiya a 1942, amma bayan El-Alamein Coningham ya ga Montgomery ya yi sanyin jiki wajen bin Rommel, ya kuma kwashe yabon nasarar shi kaɗai. Tun daga nan jininsu bai sake haɗuwa ba.

A Janairun 1944 aka ba shi rundunar jiragen da za su rufa wa sojan Birtaniya da Kanada baya a mamayar Normandy. Nan ma maganar fili ce ta haɗa su. An tsara kama birnin Caen ranar farko, 6 ga Yuni, domin shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke bayansa ta dace da filayen jirage. Caen ba ta faɗi ba sai a Yuli. Kafin nan jirage da yawa daga Ingila suke tasowa, suna ƙona mai a kan teku zuwa da dawowa. Coningham ya yi ta sukar Montgomery a gaban manya, har wasu abokan aikinsa na ganin ƙiyayyar ta fara rufe masa ido.

Ya riƙe rundunar har Jamus ta miƙa wuya a Mayun 1945. Bayan yaƙi aka ba shi shugabancin sashen horar da matuƙa, aikin da bai kai girman wanda ya baro ba. A 1947 ya yi ritaya bisa buƙatar kansa, yana da muƙamin Eya Mashal.

Santa Maria zuwa Bermuda

A ƙarshen Janairun 1948 ya shiga jirgin fasinja na kamfanin British South American Airways daga Landan. Jirgin ƙirar Avro Tudor ne mai inji huɗu, an sa masa suna Star Tiger. Ya tsaya a Lisbon, ya wuce tsibirin Santa Maria na Azores ranar 28 ga wata. Iska ta yi ƙarfi, direban jirgin, Brian McMillan, ya ɗage tafiya zuwa washegari.

Daga Santa Maria zuwa Bermuda kimanin kilomita 3,600 ne a kan Tekun Atilantika, tafiyar kusan sa'o'i 12 a jiragen wancan lokaci. Yana cikin zangon teku mafi tsawo da jiragen fasinja ke yi a zamanin. Babu tsibiri ko ɗaya a tsakani. Mai tafiya yamma a wannan yanki iska yake fuskanta, Bermuda kuma ɗan ƙaramin wuri ne wanda ƙasa mafi kusa da shi, gaɓar Amurka, ta haura kilomita 1,000. Jirgin da ya kuskure ta da ragowar mai kaɗan ba shi da wata mafita.

Star Tiger ya tashi da misalin ƙarfe uku da rabi na yammacin 29 ga Janairu, da fasinja 25 da ma'aikata shida. Wani jirgin kamfanin, ƙirar Lancastrian, ya riga shi tashi da kimanin sa'a ɗaya don ya riƙa sanar da shi yanayin da ke gaba. Saboda kauce wa iska mai ƙarfi da ke can sama, McMillan ya zaɓi tafiya ƙasa-ƙasa, ƙafa 2,000 kacal daga ruwa. Wannan ya rage masa faɗa da iska, amma inji ya fi shan mai a ƙasa, kuma idan matsala ta taso babu tazarar da za a yi dabara.

Iskar ta fi yadda aka yi hasashe, ta kuma ture jirgin daga kan hanya. Da misalin ƙarfe uku da kwata na daren 30 ga Janairu mai kula da rediyon jirgin ya nemi Bermuda ta gaya masa ta wace kusurwa take jin sa. Aka ba shi amsa, ya tabbatar ya karɓa. A lokacin jirgin na da sauran kilomita 600 da wani abu. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba, kuma bai aiko da kiran neman agaji ba. Jirgin Lancastrian ya sauka lafiya.

Kwana biyar jirage na bincike cikin mummunan yanayi. Ba a ga tarkace ba, ba a ga gawa ba. Kwamitin binciken da gwamnatin Birtaniya ta kafa ƙarƙashin alƙali Lord Macmillan ya kammala aikinsa ba tare da gano musabbabin hatsarin ba. Coningham na da shekara 53.

Labarin ɓatansa ya zo rana ɗaya da manyan rasuwa biyu. Ranar 30 ga Janairu 1948 aka harbe Mahatma Gandhi a Delhi, a ranar ce kuma Orville Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwa biyun da suka fara tashi da jirgin sama mai inji a 1903, ya rasu a Amurka.

Bayan shekara ɗaya, a Janairun 1949, wani jirgin Tudor na wannan kamfani mai suna Star Ariel ya ɓace tsakanin Bermuda da Jamaika, aka dakatar da irin jiragen daga ɗaukar fasinja. Daga baya marubuta suka cusa hatsarin biyu cikin tatsuniyar yankin Bermuda mai haɗiye jirage, ko da yake abin da aka tabbatar game da Star Tiger shi ne doguwar hanya, iska mai ƙarfi, da tafiya kusa da ruwa cikin dare.

Jiragen yau suna tashi sama da ƙafa 30,000, suna gudun kilomita 800 zuwa 900 a sa'a, tauraron ɗan'adam na nuna musu inda suke. Shi ya sa mai zuwa Alƙahira daga Kano ba ya ganin Abeshe ko El-Fashir. Duk da haka, kafin kowane jirgi ya tashi sai an lissafa man da zai kai shi, da wanda zai kai shi wani fili na daban idan na farko ya gagara, da rarar da doka ta wajabta a bari a tanki.